ZOMO BA YA FUSHI DA MAKASHINSA: Tsokaci Kan Ma'aikacin Agaji a Cikin Ayyukan Adabi Biyu na Ƙasar Senegal

Gabatarwa

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani ɗan abu da ya faru a zauren ƙungiyarmu a zangon karatun da ya wuce, ranar da aka nuna mana fim ɗin Guelwaar na marigayi Usman Sembene. Da aka zo ƙarshen fim ɗin, inda samari suka tare motar abincin agaji suka farke buhuna suka zubar a ƙasa, sai zaure ya kaure da tafi da sowa. Ni kuwa na kasa tafawa. Wani aboki da ke kusa da ni ya dube ni ya ce, "Kai malam, ko ba ka fahimci fim ɗin ba ne?" Na ce masa na fahimta, sai dai ni buhunan nake ƙirgawa. Ya yi dariya, yana tsammani ba'a nake yi. Alhali kuwa iyakar gaskiyata na faɗa masa, domin shekara uku na yi, daga 2018 zuwa 2021, ina aiki da wata ƙungiyar agaji a Jihar Borno, kuma ƙirga buhu da ƙirga mutane su ne sana'ata kafin in dawo karatu.

Manufar wannan 'yar maƙala ita ce in feɗe wannan fim tare da wani ƙagaggen labari na Aminata Sow Fall, domin duka biyu a kan sadaka da bara suka ginu. Abin da nake so in nuna shi ne, marubutan biyu sun yi wa mai bayarwa da mai karɓa adalci, amma akwai mutum na uku da suka tsallake, watau wanda aka damƙa wa ludayin rabo. Shi ne kuwa wanda labarinsa ya fi kowane ɗaci, kuma shi ne ya fi dacewa da alƙalamin marubutanmu na Hausa a yau.

Labaran Biyu a Taƙaice

Aminata Sow Fall, haifaffiyar garin Saint-Louis, ta wallafa littafinta La Grève des bàttu da Faransanci a Dakar a 1979. Kalmar bàttu a harshen Wolof tana nufin ƙoƙon bara, saboda haka ma'anar sunan ita ce yajin aikin ƙoƙunan bara. Littafin ya ci babbar lambar yabo ta adabin Afirka a 1980, sa'an nan Dorothy Blair ta fassara shi zuwa Ingilishi a 1981.

Ga yadda labarin yake. An ba Mour Ndiaye, daraktan hukumar tsaftar gari, umarni ya kawar da mabarata daga titunan babban birni, don kada su kori baƙi masu zuwa yawon buɗe ido. Shi kuma sai ya ɗora aikin a wuyan mataimakinsa, Keba Dabo. Keba ya yi aikin ba sani ba sabo, aka yi ta kame da duka har aka yi asarar rai. Mabarata suka tattara suka koma gidan wata mata, Salla Niang, a bayan gari, suka yanke shawarar ba za su sake fita ba, duk mai son yin sadaka ya biyo su. Ana nan sai Mour ya sa rai da kujerar mataimakin shugaban ƙasa. Wani malamin duba ya ce masa ya yanka bijimi ya raba naman ga mabarata a wuraren da suka saba zama cikin gari. To, ga nama, ba mabarata. Mutumin da ya kore su ya je da ƙafarsa yana roƙo, suka yi masa alkawari suka ƙi cikawa, kujera kuwa ta faɗa hannun wani.

Shi kuwa Guelwaar, fim ne da Sembene ya fitar a 1992, cikin Wolof da Faransanci. Tauraronsa, Pierre Henri Thioune, wanda ake yi wa laƙabi da Guelwaar, Kirista ne ɗan ɗariƙar Katolika. A wani taron miƙa kayan agaji, gaban manyan ƙasa da baƙi, ya tashi ya yi jawabi mai zafi yana la'antar dogaro da abincin ƙasashen waje. Bai daɗe ba aka yi masa dukan da ya zama ajalinsa. A ɗakin ajiye gawa aka yi kuskure aka miƙa gawarsa ga iyalin wani Musulmi, suka binne shi a maƙabartarsu. Yawancin fim ɗin kai-kawo ne na neman a tono gawar ba tare da an zubar da jini ba. A hanyar dawowa da ita ne aka ci karo da motar abincin nan da na ambata.

Jigo

Jigon Sow Fall shi ne, mai bayarwa ma mabaraci ne, sai dai ƙoƙonsa a ɓoye yake. Mour ba don tausayi ya yanka bijimi ba, kujera yake bara. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Kowa a cikinmu ya san wanda malami ya ce wa ya yi sadakar waina ko farar kaza kafin jarrabawa ko kafin shari'a, kuma kowa ya san cewa in almajirai suka ɓace a ranar, hankalinsa ne zai fi na kowa tashi. Marubuciyar ta ɗauki abin da muke yi kullum ba ma lura, ta juya shi ta nuna mana bayansa.

Jigon Sembene kuwa shi ne, hannun da ya saba miƙewa yana karɓa, a hankali sai ya manta yadda ake riƙe fartanya. Ya nuna kuma yadda 'yan siyasa ke mayar da buhun agaji sandar kora da ta jawowa, wanda ya bi a ba shi, wanda ya ƙi a hana shi. Sembene ya ga farin da ya auka wa ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970, ya ga na 1984, ya ga buhuna suna ta shigowa ba abin da ya sauya. Fushinsa yana da dalili, kuma ban zo don in musa masa ba.

Wanda Aka Manta a Tsakiya

Sadakar ƙoƙo daga hannu zuwa hannu ce, mutum biyu sun isa. Amma in mai bayarwa yana Turai ko Amurka, mai karɓa kuma yana Monguno ko Dikwa ko Bama, to tilas a sami hannuwa da yawa a tsakani: direba, da mai tsaron sito, da akawu, da ma'aikaciyar jinya, da tafinta, da mai rijista. Addininmu ya san da wannan tun tuni. A aya ta 60 cikin Suratut Tauba, inda aka lissafa kashi 8 na waɗanda ake ba zakka, na uku su ne ma'aikatan da ke tattara ta suna rabawa. Watau rabon sadaka aiki ne, mai yin sa kuma yana da haƙƙin lada da albashi. Abin mamaki, abin da shari'a ta tanadar wa gurbi, adabi bai tanadar masa ba.

Bari in ɗan kwatanta muku yinin wannan mutum, domin Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Da asuba abu na farko shi ne jiran izinin hanya. In an ce hanya ba kyau, to aikin da aka shirya mako guda ya rushe, jama'ar da aka yi wa shela kuwa suna can zaune cikin rana. Wasu garuruwan ma ba a zuwa sai da jirgi mai saukar ungulu, shi ma in an sami gurbi. In Allah ya sa an isa, sai a tarar da layin mata, kowace da katinta a ƙulle a bakin zane. Ana kiran suna, ana dangwala yatsa a na'ura. Sau da yawa na'urar takan ƙi karɓar yatsan tsohuwa, domin noma da surfe sun goge zanensa, sai a yi ta gogawa ana sakewa, layi yana ƙara tsawo, rana tana ƙara zafi. Sunayen da ke cikin takarda kuwa ba su taɓa kai yawan mutanen da ke fili ba, domin kullum akwai waɗanda suka iso cikin dare daga daji, su kuma sai an aiko da izinin ƙara su daga ofis. Kai ne za ka dubi idon wanda ya kwana uku yana tafiya a ƙasa ka ce masa babu sunansa.

A sashen yara masu tamowa akwai wani ɗan ma'auni kamar tef ɗin tela da ake zagaya wa damtsen yaro daga ɗan wata 6 zuwa shekara 5. In kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, ma'auni ya nuna ja, yaro yana cikin haɗari. Daga nan zuwa 12.5 rawaya ne, sama da haka kore. Mai ja shi ake ba abincin tamowa, watau ɗan ƙunshin nan na markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda aka fara haɗawa a Faransa a 1996. A wani lokaci kuɗin da aka ba mu na masu ja ne kaɗai. Wata rana wata mata ta kawo ɗanta, na auna, ma'auni ya tsaya a rawaya, saura ƙiris ya shiga ja. Na ce wa tafinta ya gaya mata ta dawo bayan mako biyu. Ta yi shiru, sa'an nan ta yi magana da Barbarci a hankali. Tafinta ya sunkuyar da kai ya ce, "Cewa ta yi, Malam, watau ta koma da shi sai ya ƙara ramewa sa'an nan ta kawo shi?" Iyakar abin da na iya cewa shi ne, "Ki yi haƙuri, baiwar Allah."

Da yamma kuma sai rahoto. In masu ba da kuɗi uku ne, to rahoto uku za ka rubuta, kowane da irin jadawalinsa. Wannan yana son a raba yara gida biyu, wancan gida huɗu, na ukun yana son hotuna, kuma lalle a ga tambarinsa a jikin buhu da jikin tanti da jikin rigarka. A cikin jadawalin nan duka akwai gurbin yawan waɗanda aka ba, amma ban taɓa ganin gurbin waɗanda aka mayar gida hannu wofi ba. Su a cikin kanka kake ajiye su. Kwantiragin aikinka na wata shida ne, wani lokaci wata uku, saboda haka kana lissafin abincin mutane kana kuma lissafin ranar da naka zai yanke. A gida kuwa 'yan'uwa sun riga sun yanke hukunci cewa dala kake kwasa, duk wanda matarsa ta haihu ko rufinsa ya yaye, kai ne za a fara tunawa.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Mutanen gari suna cewa ku ne kuka tsadar da hayar gida a Maiduguri, wasu ma suna cewa ba ku son yaƙin ya ƙare don kada abincinku ya ƙare. Hukuma tana yi muku kallon tuhuma: a watan Satumba na 2019 sojoji suka rufe ofisoshin ƙungiyoyin agaji biyu na ƙasashen waje a Arewa maso Gabas, sai ƙarshen Oktoba aka bari suka ci gaba. 'Yan bindiga kuma suna yi muku kallon 'yan leƙen asiri. A garin Rann, cikin watan Maris na 2018, an kashe ma'aikatan agaji aka sace wasu mata, daga baya cikin shekarar aka kashe ungozomomi biyu daga cikinsu, dukansu 'yan ƙasa ne. A garin dai, ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin yaƙin Nijeriya ya jefa bom bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira, cikin waɗanda suka mutu har da 'yan agajin Red Cross. A duniya duka, mafi yawan ma'aikatan agajin da ake kashewa 'yan ƙasar da ake aikin ne, amma in ana maganar inshora da hutu da kwashewa in gari ya rikice, baƙo ne a gaba. A taron Istanbul na 2016 manyan masu ba da agaji sun yi alkawarin kafin 2020 za a riƙa miƙa kashi 25 cikin 100 na kuɗin ga ƙungiyoyin cikin gida. Shekarar ta zo ta wuce ba a ko kusa cika alkawarin ba.

Wannan shi ne abin da Hausawa ke nufi da suka ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya kunna wutar yaƙi ba ya cikin fili, wanda ya yanke yawan kuɗin ma ba ya nan. Wanda ke nan shi ne mai riƙe da takarda, shi za a zaga, kuma wanda ya zage shi bai yi laifi ba.

Kada kuma a ɗauka waliyyai nake kwatantawa. A cikinmu akwai masu karkatar da kaya, shi ya sa ake ganin abincin tamowa a kasuwa. Akwai waɗanda suka mayar da katin abinci tarkon 'yan mata. Akwai waɗanda ba abin da ke ransu sai taron bita a otel da alawus. Akwai kuma, kuma su ne suka fi yawa, waɗanda suka shigo da kyakkyawar niyya, gajiya ta cinye su har suka daina ganin mutane sai lambobi. Ni kaina na kai wannan matsayi kafin in bari.

Keba da Salla a Jiki Ɗaya

In muka koma ga littafin Sow Fall da wannan ido, za mu ga cewa ta kusa kama mutumin nan, sai dai ta raba shi gida biyu. Rabi na farko shi ne Keba Dabo. Shi ke yin aiki, maigidansa ke karɓar yabo, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Marubuciyar ba ta bar shi mugu kawai ba, ta ba shi dalili: ya tashi cikin talauci a hannun uwar da ta gwammace wahala da miƙa hannu, don haka ganin bara yana taɓa masa wani tsohon miki. A ganina Keba ne tauraron da ya fi kowa rai a littafin. Raunin da na gani shi ne, daidai lokacin da maigidansa ya juya yana neman a dawo da mutanen da aka sa shi ya kora, watau daidai inda ya kamata mu zauna da Keba mu ji abin da ke cin zuciyar ma'aikacin da aka sa ya rushe aikin hannunsa, sai labarin ya karkata ya bi Mour da bijiminsa.

Rabi na biyu ita ce Salla Niang. Ita ke riƙe da adashin mabarata, ita ta san kowa da halinsa, ita ke tsara su, kuma ba ta ɓoye cewa ita ma tana cin abinci a harkar. Ma'aikacin agaji Keba ne da Salla a jiki ɗaya. Shi ke rufe ƙofa da umarnin na sama, shi ne kuma ya san sunan yaron da aka rufe wa ƙofar. Sai dai Salla ta fi shi da abu ɗaya, tana da makamin yaji. Shi kuwa in ya yi yaji, ba mai kuɗi zai ji a jikinsa ba, yaron nan mai jan damtse ne.

Har wa yau, yajin mabaratan Sow Fall ya ci nasara ne domin mai bayarwa yana gari ɗaya da su, kuma yana bukatar addu'arsu. A sadakar ƙasa da ƙasa abin ba haka yake ba. A watan Janairu na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin agajin da take bayarwa a waje, kafin tsakiyar shekarar ta rufe hukumar USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka rage nasu. A watan Yuli na shekarar, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa rashin kuɗi zai tilasta mata dakatar da agajin mutum miliyan 1.3 a Arewa maso Gabashin Nijeriya. Ashe masu bayarwa ne suka yi yajin, kuma ba wanda ya bi mabarata bayan gari yana roƙo. Littafin ya faɗi gaskiya game da sadakar unguwa, amma mai karatu ya yi hattara kada ya auna sadakar duniya da mudunsa.

Buhunan Sembene

Yanzu bari in dawo kan tafin da na kasa yi. Sembene ba yaro ba ne, ya san mutunci yana da farashi, kuma ya san sau da yawa ba mai jawabi ke biya ba. Shi da kansa ya nuna mana cewa gidan Guelwaar yana ci ne daga kuɗin da 'yarsa Sophie ke aikowa, ita kuwa zaman kanta take yi a Dakar. Wurin da matar marigayin ta zauna ita kaɗai tana yi wa tufafinsa ƙorafi, a ganina ya fi jawabin nan nasa nauyi, domin a nan ne fim ɗin ya tuhumi tauraronsa. Amma da aka zo ƙarshe, sai Sembene ya bar alama ta rinjayi mutane. Kyamara ta tsaya a kan hatsin da ke zube ana bi ta kansa. Ba ta bi direban motar ta ga abin da zai faɗa wa mai sito ba, ba ta kuma kai mu ƙauyen da aka yi wa shela cewa mota tana tafe ba. Wanda ya taɓa tsayawa gaban irin wannan ƙauye ya ce musu mota ba ta zuwa, ba zai iya tafi ba.

Makwabtanmu na Nijar sun ga irin wannan a zahiri. A 2005, lokacin da tamowa ta yi tsanani a yankin Maraɗi da Damagaram, Shugaba Mamadu Tanja ya musa cewa akwai yunwa a ƙasarsa, ya zargi ƙungiyoyin agaji da zuzuta abin don neman kuɗi. A wannan shekarar ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tsananin tamowa a ƙasar. A 2008 gwamnati ta dakatar da reshen Faransa na ƙungiyar a Maraɗi. Kishin ƙasa abu ne mai kyau, amma wanda ya ci ya ƙoshi shi ya fi saurin yin sa da cikin wani.

Duk da haka, abin da ya faru a 2025 ya gaskata Sembene ta wata fuska. Ƙasar da ta bar ciyar da 'ya'yanta marasa lafiya a hannun majalisar wata ƙasa, ranar da waccan majalisa ta sauya ra'ayi ba ta da ta cewa. Saboda haka hukuncina shi ne, Sembene ya gano ciwon daidai, amma maganin da ya nuna a ƙarshen fim ɗin ya fi daɗin kallo ga wanda ya ci tuwo kafin ya zo zaure.

Salo da Tsari

Me ya sa manyan marubuta biyu irin waɗannan suka tsallake ɗan tsakiya? A ganina amsar tana cikin zubin labaran. Sow Fall ta gina nata kamar tatsuniya, irin ta wanda ya haƙa ramin mugunta ya faɗa ciki. Harshenta mai sauƙi ne, cike da habaici da zambo, tana tsarma kalmomin Wolof cikin Faransanci yadda mai karatu zai ji ƙamshin gari. Sembene kuma ya yi amfani da dabarar waiwaye: tauraronsa matacce ne tun farkon fim, ba ma jin muryarsa sai cikin tunanin masu rai, kuma ya iya cakuɗa ban dariya da makoki. Duka salon biyu suna bukatar ɓangare biyu masu fuskantar juna, mai ƙarfi da marar ƙarfi, don a ga ranar da reshe zai juye da mujiya. Mutumin da ƙafarsa ɗaya ke nan ɗaya ke can yana ɓata irin wannan tsari. Labarinsa ba ya da ranar nasara, ba ya da ranar faɗuwa, yau kamar jiya ne, sai dai takarda ta ƙaru. Rubuta shi yana bukatar wani salo dabam, mai haƙuri, wanda zai iya sa mai karatu ya ji nauyin layi ɗaya a cikin rijista.

Kammalawa

Ina kira ga marubutan ƙungiyarmu, musamman waɗanda suka fito daga Borno da Yobe da Adamawa, da 'yan'uwanmu na Diffa da Maraɗi, da su ɗauki wannan aiki. Kayan labarin suna nan zube a ƙofar gidajenmu, cikin yayyenmu da ƙannenmu da suka yi wannan aiki aka sallame su. Shawarata uku ce. Ta farko, kada a fara labarin da farar mota, a fara shi da rijista da biro. Ta biyu, kada a mai da tauraron waliyyi, kada kuma a mai da shi ɓarawo, a bar shi mutum mai iyali da bashi da tausayi da gajiya. Ta uku, a ba tafinta babban matsayi, domin shi ne ke ɗaukar magana mai zafi daga wani harshe ya sauke ta a wani, kuma shi kaɗai ya san abin da ya rage a hanya.

Matar nan da na ba ku labari ta dawo bayan mako uku. Na zagaya ma'auni a damtsen yaron, ya nuna ja. Na rubuta sunansa, na ƙirga mata ƙunshin abinci na mako guda, ta karɓa ba ta ce mini komai ba. A ƙarshen watan aka yaba wa sashenmu a taron ofis, domin yawan yaran da muka karɓa ya ƙaru. Ba ƙarya a cikin rahoton, ni na rubuta shi da hannuna. Amma abin da ya faru tsakanina da matar nan ba jadawalin da zai ɗauke shi, sai dai ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo, shi ya sa na kawo ƙarar gaban ƙungiyar adabi.

Wanda yake ganin na zalunci Sembene ko Sow Fall, shafukan mujallar nan a buɗe suke, ina kuma maraba da gyaran malamaina. Allah ya sa mu dace, amin.